Zanen Tumba

Ranar da aka raba kayan Tumba
ƙannena suka kwashi kwalla da tasoshi,
ni aka turo mini adudu.
Can ƙasa, ƙarƙashin ƙullin kanumfari,
zane ɗaya, mai nauyin jariri in ya yi barci.

Baƙi ne, baƙin baba
da ya sha rini har ya ƙoshi.
Fari ya ratsa shi tsaye, ya ratsa shi kwance,
ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa,
sai wani ja siriri da ke raɓawa ta gefe
kamar baƙon da ba a yi wa shimfiɗa ba.

Na kai shi Tsohuwar Kasuwa in ji sunansa.
Mai rumfar farko ya ce saƙi ne.
Maƙwabcinsa ya ce, haba, saƙi da ja? Barage dai.
Wani yaro ya haska shi da waya,
wayar ta nuna masa bargon Turawa.
Na naɗe abina.

A Marina aka nuna mini zauren Arzika.
Yana ta ci idanunsa, ta bar masa yatsu.
Ya sunsuna zanen tukuna,
sannan ya sa farce yana ƙirga zare:
takwas baƙi, biyu fari,
takwas, biyu, ɗaya ja.
Bai ce uffan ba har ladan ya gama kiran la'asar.

"Wanga ba shi da suna ga kasuwa, ɗiyata.
Hannu na. Nomau Bahago na Wurno.
Taɓa nan, bakin ƙwarya ya matse ta hagu,
shi ɗai ka jifar ƙoshiya hakanga.
Jan kau alharini na,
ba a sa ma shi sai ka kai tunkiya."

Ya ci gaba da lalube. Ya tsaya. Ya koma farko.
"Ƙwarya ashirin Nomau ka yi.
Sha bakwai nika ji.
Ina ukku?"

Ban sani ba.
Na aje masa goro, na hau kabu-kabu,
zanen a cinyata, ina ƙirgawa ina sakewa.

Da dare na tambayi gwaggo Ige.
Ta yi dariya har carbi ya faɗi.
"Shekarar da uwarki ta kwanta asibiti wata huɗu,
da me kike zaton an goya ki?
Tumba ta sa reza ta farke ukun,
ta yi majanyi.
Kin yi ta jiƙa shi har ya ruɓe."

Yanzu nakan ɗaura shi ranar Juma'a.
Bai cika zagaye ni ba,
bakinsa ba ya hawa kan ɗan'uwansa.
In na fita sai na dafe ƙugu da hannu,
daidai wurin da ukun suka tafi,
mata na tambaya ko ciwon baya nake yi.