Saiwar Gindin Jirisan

Ƙarfe biyar take zuwa, ba sallama,
ƙishirwar da ruwa bai san maganinta ba.
Shekara goma sha tara ina waldar jiragen ruwa a Geoje,
da an busa tashi, ƙafata ta fi sanin hanyar koriyar kwalba
a kan hanyar gida.

Aiki ya ƙare. Mata da 'ya suka yi Busan.
Sai ga yayata Malsun da akori-kura,
ta kwashe ni kamar buhun kabeji
zuwa ƙauyen da aka yanke mana cibiya.

Ba ta yi wa'azi ba. Diga ta miƙo mini.
"Da sanyi ake tonon cik, Gilsu,
sa'ad da ganye ya zube, ƙarfinsa ya koma ƙasa."
Muka haƙa har gwiwa, har ƙugu,
saiwar ta fito kamar cinyar sa,
tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ta sara, ta shanya, ta dafa a tukunyar mahaifiyarmu.
Kurɓar farko ɗaci, maƙogwaro ya yi gardama.
Can baya ɗan zaƙi ya biyo,
kamar mai ta'aziyyar da ya zo bayan an watse.

Likitar Hadong ta ɗaga kafaɗa:
"Sha, in kana so. Amma duk Talata in gan ka,
kada ka bar ƙwayoyinka,
kada kuma ka yi kokawa da rawar jiki kai kaɗai."
Har yau ban san wanne ke riƙe da ni ba,
saiwar, ko ƙwayar, ko idon Malsun.

Kwana na ashirin da uku na faɗi.
A zaman makoki tsoho Bongchun ya zuba mini soju,
ba a mayar wa babba da kofi.
Na farka a rumfar jiran bas, takalmi ɗaya.
Malsun ba ta ce uffan ba.
Da asuba na tarar da digar jingine a bakin ƙofa,
da shinkafa a ƙunshe.

Yanzu a kan tsauni biyar ke iske ni,
hannu na karkarwa a jikin ƙota.
Takan zo ta tsuguna a bakin ramin,
ta kira ni da sunan yarinta.
Nakan ce ta jira.
Saiwar nan ta bi ta ƙarƙashin dutse,
ban ga ƙarshenta ba tukuna.