Hannun Tsuneo

A wani shago ƙarƙashin gadar jirgi a Osaka
Tsuneo ya ajiye hularsa kan kanta.
Shekara arba'in yana gyaran agogo,
yau cokalin miya ma gardama yake masa.

Mitsuyo ta jera masa sanda uku
masu hana kyamara rawa.
Ta farko nauyi, sai ka ce tulu.
Ta biyu cajinta yini guda, kuɗinta fanshon wata.
Ta uku ta naɗe,
ta shige aljihun kwat, ta yi lamo.

"Ina za ka, Baba?"
"Tsibirin Shodo. Jirgin ruwa, sai hawan tudu.
Matata ba ta tashi daga gado.
Ta ce in kawo mata zaitunan ƙauyensu,
amma ban da masu rawa
irin na bara."

Ta ɗaura wayarsa, ta danna.
Kan sandar ya waiga, ya tsaya cak
kamar kan kaza in an juya jikinta.
Hannu na kakkarwa,
hoto ko gezau.

Ya zaga shagon sau biyu,
ya ɗauki fitila, ya ɗauki ruwan sama a taga.
Bai nemi ragi ba.
"In hannun ya ƙara lalacewa kafin kaka,
za ta iya da ni?"

Mitsuyo ta juya kwalin gaba da baya.
Ba a rubuta wannan ba.
Ta zura masa igiyar wuyan hannu,
ta ce, "Wannan kyauta ce."