Jan Biro a Jega

Bayan isha'i, 'yan albasa sun kwashe buhunansu,
Saura ni da littafi arba'in da biyu a kan tabarma,
Fitila mai caji tana ta lumshe ido.

Lauwali ya rubuta wai jiya ya "go" kasuwa.
Yaro, tuwo ma in ya kwana sunansa ɗumame,
Wannan in ta kwana "went" ake ce mata.
Na ja layi.

Shafa'atu kuwa da kunne ta shaƙi miyar kuka,
Ta ɗauko "hear" ta ɗora wa hanci.
Ba laifinki ba ne, 'yata.
A gidanmu "ji" ɗaya ke wa kunne da hanci da zuciya aiki,
Su can kowace gaɓa da baranta.

Ga ɗan "s" ɗin nan, wutsiyar ƙadangare,
Mai bin aiki in mutum ɗaya ke yin sa.
Sau talatin na liƙa shi yau,
Gobe in tarar ya sake katsewa.

Sai littafin Mu'awiya, mai zama baya kusa da taga.
Ya ce babansa ya sha wahala bana, ruwa ya ci shinkafa.
Ya sa "drink", kamar wahala kunu ce a kofi.
Na ɗaga biro.
Na san fadamar, na ga inda gulbi ya kwanta.
Ƙa'ida ta ce Bature ba ya shan wahala da baki.
Na ajiye ja, na ɗauki fensir,
Na rubuta daidai a gefe, ƙanana,
Na bar tasa a tsaye.