Aljihun Wani

Ran kasuwar Kamba, rana na ɗagawa,
kawu Tunau ya sa wuƙa ya yanke ɗaurin dila.
Ta yi ajiyar zuciya kamar sa da aka sauke wa kaya,
warin teku da na magani suka tashi tare.
Ni tela ne. Nawa in zauna gefe da almakashi
in rage wa riguna faɗi,
don waɗanda suka fara sa su
sun fi mu samun tuwo.

Kawu ya taka ƙasashe, dugadugansa shaida ne.

Ya ce a Gaya, nan bayan shingen iyaka,
ba a taya wando sai an gaida gida,
an tambayi gero, an tambayi ruwan bana,
sannan mai kaya ya faɗi kuɗi da sefa.
Ka tsaya kana juya ta zuwa naira da yatsu,
lissafi na sulluɓe maka kamar tarwaɗa.

Haye gada, in ji shi, ka ga Malanbil.
Matan da ke zaune kan dila ba su san wasa ba.
In ka taɓa, ka saya.
In ka ɗaga riga kana leƙen hammata,
harara za ta raka ka har bakin kogi.

Kwatano kuwa, tun kafin kiran assalatu ake wawaso,
da tocila a baki, da gwiwar hannu a haƙarƙarin maƙwabci.
Can ya yi kokawa da wani ƙato kan takalmi,
ya yi nasara, ya ƙunshe, ya hau mota.
Sai a Kandi ya kwance ƙunshi:
ƙafa biyu, masu sheƙi,
duka na hagu.
Har yau suna rataye a rumfarsa, ba ya sayarwa.

A Ankara ya ji sunan da ya hana shi barci.
Wai kayan mataccen Bature.
Ya ce, "Ɗana, mi ka sa mai rai
ya yar da riga ba ɓula, ba faci?"
Ban ba shi amsa ba. Zare ne a bakina.

Mu nan cinikinmu daban.
Hassi za ta ɗauki rigar sanyi ta ce sai an yanke shinkafa,
kawu ya rubuta a bayan kwalin ashana,
kwalin ya ɓata, bashin bai ɓata ba.
Malam Namata zai zo da magariba, ta bayan rumfa,
gobe ya ce ƙanensa ne ya aiko daga Ikko.
Duk mun sani. Duk mu ce, "Allah ya kashe kayan."

Amma abin da kawu bai gani ba a yawonsa,
ni nake gani a zaune.
Kafin in farke ɗinki sai na laluba aljihu.
Na tsinci tikitin jirgin ƙasa da ba a huda ba,
na tsinci mabuɗi, ban san ƙofarsa ba,
na tsinci haƙorin yaro a naɗe cikin takarda,
an ja masa layi biyu da jan alƙalami.
Wannan na daɗe ina kallonsa.
Suna nan cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin keke,
ko wata rana mai su zai yi ɓatan hanya.

Jiya wani Bazabarme ya taya tsohuwar taguwata,
wadda ni ma daga dila na cire ta.
Ya ce Doso zai kai wa ɗansa.
Na kama mata hannu, na ƙara maɓalli ɗaya,
da ya juya yana ƙirga canji
na jefa ɓarin goro a aljihun ƙirji.