Mataki na Huɗu

Haladu, da bakinka ka ciyar da mu:
"Kawo! Mando! Saura mutum ɗaya!"
Shekara sha tara a ƙofar bas,
kana reto da hannu guda.

Ƙurji ne ya fara, a gefen harshe,
bai kai ƙwayar dawa ba.
Ka ce goro ne ya yanke ka.
Muka sa gishiri, muka sa zuma,
har damina biyu.

A Shika, Likita Hannatu Bawa
ta taɓa kaluluwar wuyanka, ta yi jim,
ta ɗaga hoton ga fitila.
"Mataki huɗu ne da shi," in ji ta,
"kun zo a na ƙarshe."
Na zaci matakalar bene take nufi,
har na waiwaya.

Wuƙa ta makara, ya kama ƙashi.
Sai gashi a na'ura,
sai ƙarin ruwa mai zubar da gashi.
Suka ja maka layi a muƙamuƙi
kamar tela zai yanka yadi.
Mako bakwai, Litinin zuwa Juma'a.

Yanzu kunu ta bututu yake bi,
sau biyu nake tacewa.
Yawu ya ƙafe.
A bayan takardar magani kake tambaya:
"An biya na makarantar Ladidi?"

Jiya muna dawowa, daidai Maraban Jos,
wata tsohuwa na son sauka,
yaron mota yana can yana ƙirga canji.
Sai ka zura hannu ta taga,
ka bugi jikin motar sau biyu.

Direba ya tsaya.