Sandar Famfo a Mai Wurno

Ranar da sandar famfon Alhaji Tanimu ta karye
ana tsakiyar ban-ruwan albasa.
Kogin Nilu ya ci gaba da tafiyarsa, ko waiwaye bai yi ba.

A amalanken jaki aka kawo ta gareji,
gida biyu, bakin karayar a murɗe
kamar alkaki.

Ni ne yaron shago, ni ke miƙa sufana.
Usta Gwadabe ya jawo ƙarfe biyu daga ƙarƙashin benci,
ɗaya cikakke har zuci,
ɗaya bututu, ya fi kauri, kana hango titi ta cikinsa.
Ya ɗora su a sikeli. Nauyinsu ɗaya.
Ya ce, "Ilu, wanne zai fi jure murɗa?"

Na nuna cikakken.
A gidanmu in an kira mutum fanko
an gama zaginsa.

Usta bai ce na yi kuskure ba.
Alli ya ɗauka, ya ja layi a fuskar ƙarfen
daga cibiya zuwa gefe,
ya juya shi a hankali, ya ce in duba.
Bakin layin ya yi tafiya mai nisa,
gindinsa na nan inda aka bar shi.

"Ka taɓa ganin raƙumin matsar riɗi a Sinnar?
Shi ke zagaye, shi ke gumi,
turmi na tsaye a tsakiya.
Haka murɗa take, a gefe take cin mutum.
Ƙarfen da ke zuci ɗan hutu ne,
ana ɗaukar nauyinsa, aikinsa kaɗan.
Kwashe shi ka kai shi bakin daga,
sanda ta yi faɗi, ta yi taurin kai,
nauyi bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba."

Na ce to a yi ta rarakewa mana.
Ya ja kunnena.
"In bango ya yi siriri
zai lotse kamar gwangwanin madara.
Kuma in kaurinsu ɗaya ne, cikakken ya ɗan fi,
sai dai rinjayen bai kai kuɗin ƙarfensa ba."

La'asar sakaliya Alhaji ya iso da ƙurar gona a ƙafa.
Ya leƙa bututun da ido ɗaya,
ya ce shi bai taɓa sayen iska da kuɗinsa ba.
Usta ya gwada bututun a mazaunin famfo,
ya ƙi shiga, ramin ya yi masa kaɗan.
Alhaji ya yi murmushin wanda ya ci shari'a.

Cikakken muka ɗaura masa.
Ni na saɓa shi har bakin kogi,
kafaɗata ta kwana uku tana ba ni labari.

Bututun yana nan jingine da bango.
Wani lokaci in iska ta taso daga ruwa
yakan yi wata 'yar busa,
Usta ya ɗago daga aiki ya dube ni,
ni kuma in yi kamar ina neman sufana.