Daren da Muka Hana Gunya Kwanciya

Kawu Tankari ya bar mini goɗiya,
bai bar mini sanin goɗiya ba.
Ni tela ne a bakin kasuwar Tawa,
na san kamu, na san taƙi,
faɗin cikin doki ne ban taɓa aunawa ba.

Na ɗauka ƙauna a kwano take.
Ran da aka biya ni ɗinkin salla
na auno gero tiya huɗu,
na juye mata a gindin turke,
bisa jan rairayin nan namu,
na harɗe hannu ina kallo
har ta lashe ƙwayar ƙarshe da ƙasar da ke ƙarƙashinta.

Bayan lisha ta fara tono da kofato.
Ta waiwaya ta dubi kwiɓinta
kamar an kira ta daga ciki.
Gumi ya keto mata a wuya.
Ta durƙusa, ta miƙe, ta sake durƙusawa.

Na ruga gidan Nomau ba takalmi.
Tsohon ya iso da tocila a baki, yana ɗaurin wando,
ya kara kunne a cikinta, ya daɗe.
Ya ce, "Shiru.
Cikin doki in ya yi shiru, ka ji tsoro.
Lafiyayye kullum cikin gunguni yake
kamar hadarin da bai ƙaraso ba."
Ya tura jikansa kiran likitan dabbobi,
ya miƙo mini ragama.
"Ja ta. Kada ka bari ta yi birgima."

Daga rumbu zuwa bedi,
daga bedi zuwa randa,
mu koma rumbu.
Yana biye, yana magana, ba ya dubana.

"Tumbinta ɗan tulu ne, kai ka mai da shi taska.
An halicce ta don tsinkar ciyawa,
kai a ƙasa, kaɗan-kaɗan, hantsi har dare.
Ka fara ba ta ruwa.
Harawa ta shiga gaba, hatsi ya biyo,
shi ma a rabe, a cikin komi,
gwargwadon aikin da ta yi ranar.
Yau ina ta je? Turke ta yini."

Na yi shiru. Ragamar ta ci mini tafin hannu.

"Tankari, Allah ya jiƙan rai,
yakan tsince dusa kamar zai yi wa suruki tuwo.
Damin da ya ji warin ruɓa, ko kyauta ba ya ɗauka.
Ga can dunƙulen kanwarsa a saman danga,
tun rasuwarsa ba wanda ya sauko mata da shi."

Likita ya zo a kan moto, ya yi allura,
ya zura mata roba ta hanci,
ya ce sauran sai jira.
Muka jira a tsaye, muna tafiya.

Sai da ladan ya yi kiran farko
ta tsaya cak, ta ɗaga wutsiya.
Ban taɓa murna da kashi ba sai daren nan.
Nomau ya sa kara ya barbaza shi, ya haska mini:
gero ƙwaya-ƙwaya, da rairayi yana ƙyalli.
Ya ce, "Ga kyautarka ta dawo."

Yanzu ran Lahadi masu harawa dariya suke mini,
wai ga telan da ke shinshina dami kamar mai sayen turare.
Su yi.
Da gwangwanin tumatir nake auna mata gero,
a hankali, kamar mai yanka yadin da ba nasa ba.
Kafin in buɗe shago
nakan kara kunne a kwiɓinta, ƙudaje na bin gezarta,
ba na ɗagawa
sai na ji hadarin nan yana gunguni.